Zaɓen Malamin Sana'a Da Sanin Lokacin Shiga Babban Kwas

(Jawabin da wani jami'in watsa labarai na Gwamnatin Tarayya ya yi wa taron masu sana'o'in hannu, da almajiransu, da iyayen yara)



Ina godiya da kuka bar wuraren aikinku kuka zo, domin na san awa guda a wurin bakanike ko mai walda kuɗi ce. Saboda haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Magana biyu na zo da su. Ta farko ita ce yadda mutum zai zaɓi wanda zai koya masa sana'a, ko ya koya wa ɗansa. Ta biyu kuwa ita ce yadda wanda ya riga ya fara sana'a zai gane ko ya isa ya shiga kwas na gaba, watau babban kwas, ko kuwa da sauransa.

Abin da ya sa maganar ta taso a yanzu ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, Gwamnatin Tarayya ta shiga ƙarfafa wa jama'a gwiwa su mai da motocinsu masu amfani da iskar gas da ake kira CNG. Wutar hasken rana ta shiga gidaje da shaguna da asibitoci. Motocin da ake shigowa da su kuma duk da kwamfuta a cikinsu. Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan ya buɗe ƙofar abinci ga mai sana'a, ya kuma buɗe ƙofar cuta. Ga alluna nan a bakin titi, ga talla a wayoyinku: zo ka zama gwani cikin mako biyu, zo ka karɓi satifiket cikin kwana goma. Saurayi ya sayar da babur ɗinsa, ko uwa ta sayar da 'yan kunnenta, a biya kuɗin kwas, a dawo da takarda mai hatimin zinariya wadda ba ta iya ɗaura ko ƙusa ɗaya.

Bari mu fara da malami.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka duk wanda ya iya aiki ya iya koyarwa. Lalle wanda bai iya ba ba zai koyar ba, wannan ba a gardama a kansa. Amma akwai gwanayen da hannunsu ya san abin da bakinsu ba ya iya faɗa. Ka tambaye shi me ya sa ya yi kaza, sai ya ce haka ake yi. Akwai kuma waɗanda suka iya faɗa amma ba su so, don suna tsoron yaro ya fi su, ko ya buɗe shago kusa da nasu ya kwashe musu masu ciniki. Yaro ya shekara uku a wurin irin wannan maigida, abin da ya ƙware a kai shi ne wankin kayan inji da fetur, da sayo abinci, da miƙo sifana. Ba na raina waɗannan ayyuka, kowa da su ya fara, kuma a cikinsu ake koyon ladabi da sunayen kayan aiki. Amma in shekara ta zagayo yaro bai taɓa kwance wani abu ya ɗaura da hannunsa ba, maigida yana tsaye a kansa yana gyara masa, to, wannan bauta ce aka sa mata sunan koyo.

Don haka kafin ka kai ɗanka wurin kowa, je ka zauna a wurin, ba sau ɗaya ba. Kada ka je ranar da aka san za ka zo. Ka duba wane ne ke riƙe da kayan aiki, maigida kaɗai ko har da yara. Ka saurari yadda yake yi in yaro ya yi kuskure: zagi ne kawai da duka, ko kuwa bayan faɗan yana nuna masa inda ya ɓata? Ka ƙirga yaran, ka ƙirga kayan aikin. Injin walda ɗaya ga yara ashirin, ko ba ka yi makaranta ba ka san rabon kowa a yini bai taka kara ya karya ba. Wannan lissafi ya shafi makarantun kuɗi masu benci da allo kamar yadda ya shafi gareji na bakin hanya, har ma ya fi shafarsu, domin su ne suka fi son tara ɗalibai da yawa a aji ɗaya.

Sa'an nan ka tambayi inda tsofaffin almajiransa suke. A ganina babu shaidar da ta kai wannan. Malamin kirki zai lissafa maka su da alfahari: wane yana da shagonsa a Agege, wane yana aiki da kamfani a Fatakwal, wane ya koma gida Katsina ya buɗe nasa. Ka nemi ɗaya ko biyu daga cikinsu ka ji ta bakinsu. Wanda ya shekara ashirin yana karɓar yara amma ba ya iya nuna maka mutum uku da ya yaye suna cin abinci da sana'ar, ya riga ya ba ka amsa.

Akwai wata alama da nake so iyaye su lura da ita ƙwarai, ita ce yadda malami ya ɗauki lafiyar jiki. In ka ga mai walda yana aiki da baƙin tabarau na kasuwa, ko yana kau da kai kawai ya rufe ido sa'ad da wuta ta tashi, kada ka ba shi ɗanka, kome kyan ƙofofin da yake ƙerawa. Hasken walda yana ƙona fatar ido, shi ya sa masu yin haka suke kwana suna hawaye kamar an zuba musu yashi. Haka nan mai wayarin da ke gwada waya da bayan yatsa don ya ji ko akwai wuta. Wutar gidajenmu volt 230 ce, kuma kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya, in ya ratsa ƙirji, yana iya tsai da zuciya. Abin da ƙwan fitila mai wat 60 yake ja ya ninka wannan fiye da sau biyu. Yaro ba ya koyon abin da malami ya faɗa kamar yadda yake koyon abin da ya ga malami yana yi. Wanda ya koyi ganganci a shekararsa ta farko da wuya wani kwas ya cire masa shi daga baya.

Game da takardun malami, ga abin da ya kamata ku sani. A ƙasar nan akwai hukumomin da doka ta ɗora wa wannan aiki. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ita ke shirya jarrabawar gwajin sana'a, wadda kuka fi sani da sunan Trade Test, mai daraja uku: ana farawa da ta uku, a hau ta biyu, sa'an nan ta ɗaya, wadda ita ce babba. Akwai hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, mai hedkwata a birnin Benin, ita ce ta gaji jarrabawar sana'o'i da a dā ake yi a ƙarƙashin City and Guilds ta London da makamantanta. Akwai hukumar NBTE a Kaduna, tun 1977, wadda ke sa ido a kan kwalejojin kimiyya da fasaha da kwasa-kwasan da suke bayarwa. Akwai kuma asusun horar da ma'aikata, ITF, da aka kafa a 1971, mai hedkwata a Jos. In makaranta ta ce maka wata hukuma ta amince da ita, tambayi sunan hukumar, ka je ofishinta na jiharka ka bincika. Tambaya ba ta cin kuɗi. Wanda ya fusata don ka nemi ganin takardar amincewa, ka yi masa sallama.

Amma kada a fahimce ni a karkace. Da yawa daga cikin manyan gwanayen da ke zaune a nan ba su da ko takarda ɗaya, kuma gwamnati da kanta ta san darajarsu. Lokacin da aka kafa hukumar samar da ayyukan yi, NDE, a ƙarshen 1986, babban shirinta na koyon sana'a bai gina sababbin makarantu ba, sai ya riƙa kai matasa wurin masu sana'a irinku a garejinsu da shagunansu. Takarda shaida ce guda ɗaya. Aikin hannun mutum da almajiran da ya yaye su ma shaidu ne, kuma in sun saɓa wa takarda, ni su zan gaskata.

In kun daidaita da malami, to, a rubuta. Na san al'adarmu ta amana ce: a kai yaro, a yi addu'a, a ce ga ɗanka nan. Wannan abu ne mai kyau, kada a bari. Sai dai Dokar Ƙwadago ta 1974 ta tanadi cewa yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce za ta kasance, jami'in ƙwadago ya sa hannu ya shaida, kuma wa'adinta kada ya wuce shekara biyar. Yaron da ya haura shekara goma sha biyu amma bai kai sha shida ba, iyayensa ko mai riƙonsa ne za su ƙulla masa, da yardarsa. Wanda ya kai sha shida yana iya ƙullawa da kansa. Ku tuna kuma dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa ko wane yaro karatun firamare da ƙaramar sakandare, saboda haka sana'a ba hujjar cire yaro daga makaranta ba ce. Za ku ga nan gaba kaɗan dalilin da ya sa wannan karatu yake da amfani ga sana'ar kanta. A cikin takardar a faɗi shekara nawa za a yi, me za a koya, nawa za a biya, wa zai ɗauki nauyin magani in yaro ya ji rauni, da kuma abin da za a kawo ranar yaye. Rigingimu da yawa da ake kai wa sarkin Hausawa ko shugaban ƙungiya a kan kuɗin yaye ne, waɗanda da an rubuta su tun farko da ba su taso ba.

Yanzu sai magana ta biyu, wadda ta fi wuya, domin a nan mutum kansa zai yi wa hukunci.

Babban kwas ba ya koya maka sana'a daga tushe. An gina shi ne bisa zaton ka riga ka iya wasu abubuwa har sun zama maka jiki, ba ka tsayawa tunani kafin ka yi su. Malamin babban kwas ba zai tsaya ya koya maka su ba, don lokacinsa ƙididdigagge ne, kuma sauran ɗalibai sun biya kuɗinsu. In ka shiga ba ka shirya ba, kwana biyu na farko za ka riƙa gyaɗa kai, na uku ka ɓace, sauran kwanakin ka zauna kana kwafar abin da ba ka fahimta ba. A ƙarshe mai yiwuwa ne a ba ka takardar halarta. Takardar halarta kuwa shaida ce cewa ka zauna a kan benci, ba ta ce ka iya ba. Ku riƙa karanta abin da aka rubuta a jikin takarda, domin tsakanin "ya halarta" da "ya ci jarrabawa" akwai tafiya mai nisa.

Bari in ɗauki walda in yi misali, don a cikinta matakan a fili suke. Mai koyo yana farawa da ƙarfe shimfiɗe a kan tebur, yana ɗinki daga sama, narkakken ƙarfe yana kwanciya da kansa. Masu sana'ar suna kiran wannan 1G. Daga nan sai ɗinki a kwance a jikin ƙarfen da aka tsayar, 2G, sai ɗinki mai hawa tsaye, 3G, sai na bisa kai, 4G, inda narkakken ƙarfe ke neman zubo maka. Bayan waɗannan ake shiga bututu. Wanda ake kira 6G shi ne bututun da aka kafe a karkace, a kusurwar digiri 45, ba a juya shi, mai walda ne zai zagaya shi, ya yi ɗinkin ƙasa da na gefe da na bisa kai a zagaye guda. Wannan shi ne gwajin da kamfanonin mai da gas suka fi nema, shi ya sa ko wane saurayi yake son a ce yana da shi. To, amma wanda hannunsa bai zauna a 3G da 4G ba, me zai je yi a kwas ɗin 6G? Zai ƙona sandunan walda na dubban nairori ne kawai.

Kuma a can ba a duban kyan ɗinki da ido kaɗai. Ana yanko yanki daga inda ka ɗinke, a sa a injin matsa, a lanƙwasa shi har ya koma kamar ƙugiya. In tsaga ta buɗe wadda ta wuce milimita 3, ka faɗi. Wani lokaci hoto ake ɗauka irin na asibiti, a ga ƙananan ramuka da dattin da ya maƙale a ciki. Sandar da aka saba yin ƙofa da taga da ita, mai lamba 6013, tana da sauƙin hali. Mai lamba 7018, wadda ake aikin ƙarfe mai ɗaukar nauyi da ita, ba ta son danshi ko kaɗan, a cikin tanda ake ajiye ta, in ta sha iska mai laima ɗinkin yana iya tsagewa daga baya. Mai walda da ke son ya san ko ya isa, ba sai ya biya kowa ba. Ya sami guntayen ƙarfe, ya yi ɗinkin tsaye guda goma a ranaku dabam-dabam, ya yanka, ya ɗaure a bais ya lanƙwasa da guduma. In tara sun tsaya, ya fara tara kuɗin kwas. In biyar ne, ya ƙara wata shida. Ku lura na ce guda goma. Yi sau ɗaya ya yi kyau, sa'a ce. Gwaninta ita ce ya yi kyau ranar da kake jin barci, da ranar da ake tsaye a kanka ana kallo.

Na taɓa yin tafinta a wani wurin gwajin sana'a, shekarun baya, inda aka roƙe ni in fassara wa waɗanda ba su jin Turanci tambayoyin baka. Samari biyu ba na mance su. Ɗaya ya zo da jaka cike da takardun kwasa-kwasai, Turancinsa ya fi nawa gudu, ya amsa tambayoyin baka babu tuntuɓe. Ɗayan kuwa sai da na maimaita masa ko wace tambaya sau biyu da Hausa, yana amsawa a takaice, kansa a sunkuye. Da aka fita fili aka ba kowa ƙarfe, na farko ya yi ta manna sanda tana liƙewa, gumi yana zuba. Na biyu ya gyara wutar injin da kansa ba tare da ya tambayi kowa ba, ya goge bakin ƙarfen, ya zauna ya yi ɗinki kamar ana jan zare. Abin da ya ba ni tausayi shi ne, shi na biyun ya shekara huɗu yana jin tsoron zuwa gwajin, wai shi bai yi boko ba. Na farkon kuwa ba wanda ya taɓa gaya masa gaskiya, domin duk inda ya je kuɗinsa ake so. Saboda haka rashin sanin matsayin kai iri biyu ne. Akwai mai gaggawa, akwai kuma wanda ya isa tuntuni yana zaune, shekaru suna wucewa, waɗanda ba su kai shi ba suna karɓar aikin da ya kamata ya zama nasa. Ga irin wannan na biyu, ku sani akwai tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa, NSQ, a ƙarƙashin NBTE, wanda ya yarda a auna abin da mutum ya koya a bakin aiki a ba shi shaida a kai, ko da bai taɓa zama a aji ba.

Dubi yadda hukuma ta tsara nata matakan, za ku ga ba a yarda da tsalle ba. Wanda ya gama difloma ta ƙasa, ND, ta shekara biyu a kwalejin fasaha, akan bukaci ya yi shekara guda yana aiki a masana'anta kafin a ɗauke shi babbar difloma, HND. Wanda ya sami takardar NTC ta kwalejin sana'a, akan nemi ya yi shekara biyu a bakin aiki kafin ya shiga babbar takardar, ANTC. Ba don a wahalar da kowa aka sa wannan tazara ba. Akwai tambayoyin da ba su zuwa wa mutum sai ya ɓata aiki, mai kaya ya tsaya a kansa yana faɗa, ya kwana yana tunanin inda ya kuskure. Wanda ya je babban kwas da irin waɗannan tambayoyi a cikinsa, ko wace magana ta malami tana faɗawa ne a gurbin da aka riga aka haƙa mata. Ni a wurina wannan ita ce babbar alamar shiri: ka iya faɗin abin da kake so kwas ɗin ya warware maka. In an tambaye ka me ya sa kake son shiga, amsarka ita ce ka ji ana samun kuɗi, to, da saura. In ka ce, motoci uku ke nan suna zuwa mini da fitilar inji a kunne, na sa na'ura ta ba ni lamba, na canja abin da lambar ta nuna, fitilar ta sake kamawa, ina so in san yadda ake bin waya a gano asalin cutar, to, kai ka isa, tafi.

Na yi alkawarin komawa kan karatun boko. Ga dalili. Mai son shiga kwas ɗin wutar hasken rana, ga tambaya: dutsen guga mai wat 1,000, amfiya nawa yake ja a wutar volt 230? Ka raba 1,000 da 230, ka sami huɗu da 'yan kai. To, in daga batir mai volt 12 za a jawo wannan ƙarfi ta cikin inbata, amfiya nawa zai bi ta wayar batir? Ya haura 80. Wanda bai iya wannan lissafi ba zai sa siririyar waya a inda ake bukatar mai kauri, wayar ta yi zafi, rufin ɗaki ya kama. Haka nan ya kamata ya san cewa batir huɗu masu volt 12, in an jera su kai da wutsiya, volt 48 suke bayarwa, in kuwa an haɗa su kai da kai, suna nan a 12. Wannan lissafin ƙaramar sakandare ne. In ya gagare ka, ba abin kunya ba ne, amma ajin yamma na manya ya kamata ka fara nema, kuɗinsa ma bai kai na kwas ba. Bakanike kuma da ke son kwas ɗin kwamfutar mota, ya fara tambayar kansa ko ya iya riƙe mita ya auna volt da juriyar waya, ya kuma bi zanen wayoyi da yatsa daga fis har zuwa inda wayar ta ƙare. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can su kasance da mahaɗar da ake sa na'urar bincike, kuma da yawa daga motocin da muke hawa daga can suke. Na'urar tana faɗin inda mota ke kuka, ba ta faɗin abin da ya sa ta kuka. Wannan sai mai mita.

Maganar gas kuwa sai na ɗan ja kunne, domin a nan kuskure ba ya tsayawa a kan mai shi. Iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota bar 2 ce da 'yan kai. Tukunyar gas ta girki ba ta kai bar 20 ba. Tukunyar CNG kuwa ana cika ta har bar 200, kusan ninki ɗari na tayar mota. Shi ya sa ake ƙera ta musamman, a gwada ta, a buga mata lamba da ranar da wa'adinta zai ƙare, kuma ba a taɓa ta da wutar walda. A 2024, a birnin Benin, wata mota ta fashe a wurin shan gas, mutane suka ji munanan raunuka, kuma bayanin da hukuma ta bayar shi ne tukunyar da ke cikinta haɗin hannu ce, ba wadda aka amince da ita ba. Duk malamin da ya ce maka ana iya dabara da tukunyar girki, ko a yi wa tsohuwar tukunya faci, ka tashi ka bar wurin, ka kuma gaya wa shugabannin ƙungiyarku. Wanda zai shiga wannan kwas ya zama ya riga ya san injin fetur ciki da waje, ya san wayarin mota, kuma ya zama mutum ne mai bin ƙa'ida ko ba a kallonsa. Wannan na ƙarshe hali ne, maigidansa ya fi kowa sanin ko yana da shi.

Wannan ya kawo ni gare ku, iyayen gida masu almajirai. Yaro zai zo ya ce, maigida, ina so in tafi kwas. Nauyi ne a kanku ku gaya masa gaskiya, kuma gaskiyar tana da wuya ta fuska biyu. In bai isa ba, faɗa masa zai ɓata masa rai, ya ce kuna yi masa baƙin ciki. In ya isa, sakinsa zai rage muku hannu a shago, wata ƙila ma shi ne wanda kuka fi dogara da shi. Hanyar da na ga wasu dattawa suna bi, kuma ta burge ni, ita ce su ba yaro aiki guda tun daga karɓar mai kaya, da yanke farashi, da sayen kaya, har zuwa miƙawa, su kuma su koma gefe su yi shiru. In ya kammala ba a dawo da aikin ba, a sake ba shi wani. Sa'an nan a sa shi ya koya wa ƙaramin yaro abin da ya yi. Wanda ya iya bayyana wa na ƙasa da shi dalilin ko wane mataki, ya fahimta. In kuma kun ce bai isa ba, ku faɗa masa abin da ya rage, ɗaya bayan ɗaya, da lokacin da za ku sake dubawa, don kada "da saura" ta zama igiyar ɗaure shi har abada. Kai kuma almajiri, in kana shakkar hukuncin maigidanka, nemi wani gwani wanda ba ya cin riba da zamanka ko tafiyarka, ka yi aiki a gabansa, ka ji abin da zai ce.

Shi malamin babban kwas ma da wannan ake gane shi. Na kirki yana tace ɗalibai kafin ya karɓi kuɗi. Zai tambaye ka shekarunka a sana'a, ya ba ka ɗan gwaji, wani lokaci ya ce je ka dawo baɗi. Wanda ke karɓar duk mai kuɗi a hannu, ya haɗa wanda bai taɓa riƙe sifana ba da mai shekara goma a aji ɗaya, dukansu biyu ya cuta. Ka tambaye shi kashi nawa na lokacin a aji ake yi, kashi nawa a bakin aiki. Ka tambaya ko akwai jarrabawa a ƙarshe, wa ke shirya ta, kuma ko ana faɗuwa. Kwas ɗin da ba a taɓa faɗuwa a cikinsa ba, takardarsa ba ta auna kome ba. Ka tambaya da wane harshe ake koyarwa, wannan kuwa a matsayina na mai fassara nake faɗa: in Turancin malami ya fi ƙarfinka, ba laifi ba ne ka nemi inda ake bayani da Hausa ko da Turancin kasuwa, ko ku haɗu ku biyar ku roƙi a sa muku mataimaki mai jin harshenku. Sunayen kayan aiki dai ka koye su yadda suke a littafi, domin da su za ka yi odar kaya, da su kuma za a tambaye ka a jarrabawa.

Wanda ke aiki a kamfani, kafin ya taɓa aljihunsa ya fara tuntuɓar ofishin ma'aikata. Kamfanonin da dokar ITF ta hau kansu suna biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin ma'aikatansu ko wace shekara a asusun, kuma ana iya mayar musu da har rabin abin da suka biya in sun nuna shaidar sun horar da ma'aikatansu bisa ƙa'ida. Watau tura ka kwas ba asara ba ce gare su gaba ɗaya, kuma da yawa daga ma'aikata ba su san haka ba balle su tambaya. Masu zaman kansu kuma su riƙa leƙa ofisoshin ITF da NDE da na Ma'aikatar Ƙwadago a jihar da suke zaune, don a nan ake sanin lokacin da za a buɗe rajista. Ku je da kanku, kada ku ba ɗan tsakiya kuɗi ya karɓo muku takardar gwajin sana'a ba tare da kun yi gwajin ba. Wannan takardar jabu ce ko da hatiminta na gaske ne, kuma ranar da kamfani ya miƙa maka ƙarfe ya ce ɗinka mu gani, ba za ta yi maka ɗinkin ba.

Shugaban taro, na ga lokacin salla ya gabato. A nan zan dakata. Bayan an idar ina nan zaune, duk mai tambaya a kan wata makaranta ko wata takarda da aka ba shi, ya kawo mu duba tare.